Jikan Masunta da Gorar Bature

Mutumin Argungu in ya je baƙon wuri, akwai sarautar da ake naɗa masa ko bai nema ba: kowa ɗauka yake masunci ne. Ni dai ban taɓa musantawa ba. A kan me? A garinmu ake bikin kamun kifi tun 1934. A kogin Matan Fada ne dubban mutane ke rugawa cikin ruwa da homa da gora, a fito da giwan ruwan da sai ƙarti sun taru kafin a ɗora shi a sikeli. A 2016 kuma UNESCO ta sa bikin a jerin al'adun da duniya ke ji da su. Duk wannan ba ƙarya a ciki. Abin da ba a taɓa tambayata ba, ni kuma ban ga dalilin tallarsa ba, shi ne aikin da ni kaina nake yi a bikin, wato tsayawa bisa gaɓa ina shan rake.

Da karatu ya kai ni Niyukasil, can arewa maso gabashin Ingila, sai Allah ya haɗa ni maƙwabtaka da wani dattijo, tsohon mahaƙin kwal, wanda tun da aka rufe ramin da yake aiki ba shi da abin yi sai kamun kifi da hirar kamun kifi. Wata rana tsautsayi ya sa na nuna masa bidiyon bikinmu a waya. Ya cire tabarau, ya goge da gefen riga, ya mayar, ya ce in sake kunnawa. Da ya tambaye ni ko ina cikin waɗancan mutanen, sai na ce ai da wuya a gane mutum a irin wannan taro. Kafin a ce kwabo duk abokansa sun ji cewa an samu gwani daga Afirka a layinsu, kuma da zarar an buɗe kakar kifi a ƙarshen Maris za a kai shi kogin Coquet ya nuna abin da ya gada.

Sai dai kamun kifin da Dattijo ke nufi ba wanda muka sani ba ne. Ba tana, ba hanjin kaza, ba dalma a jikin zare. Ƙugiya ce 'yar mitsitsiya, a naɗe ta da gashin zakara da zaren siliki har ta yi kama da ƙwaron da ke tashi bisa ruwa, a ajiye ta gaban kifi, a yi fatan ya ruɗu. Da yake wannan ƙudan bogi ba shi da nauyin da za a jefa shi, igiyar ce aka yi wa nauyi. Ita ake cillawa, ƙudan ya bi ta. Igiyoyin ma lamba gare su: tun farkon shekarun 1960 aka tsayar da auna ƙafa 30 na farko, mai lamba 6 ta zo giram 10 da 'yan kai. Aikin sanda shi ne ta lanƙwashe da nauyin igiyar, ta miƙe, ta tura ta gaba. Kifin da ake wa duk wannan hidima sunansa tirawut, mai ɗigo-ɗigon ja da baƙi, kuma yawancin na kogin, da a kasuwar Yauri ne, gyara za a bayar da su.

Gwani ba ya zuwa ruwa da aron sanda. Na leƙa kanti, aka gaya mini kuɗin sabuwa ta kabon, na yi salati na fito. Sai na nufi kasuwar gwanjon da Turawa ke ci ranar Lahadi da sassafe a fili, inda kowa ke buɗe bayan motarsa ya baza tarkacen gidan kakansa. Can tsakanin wata tsohuwar butar shayi da tulin faifan garmaho na hango doguwar jaka ta kanbas, koriya, tana warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Na kwance igiyarta, na zaro sanda, kashi biyu.

Gaskiya tana da kyau. Launinta na zuma, jikinta kusurwa shida, an yi mata ɗauri da jan siliki ɗan tsakani kaɗan-kaɗan tun daga gindi har kai. Zoben farko da igiya ke bi an shafe cikinsa da jan dutse irin na tsakiya. Mariƙin ya yi baƙi da gumin hannu, har da ɗan kwarmi inda babban yatsan mai ita ya zauna shekara da shekaru. Na ɗora nawa yatsan, ya shige daidai. Matar da ke sayarwa ta ce ta surukinta ce, marigayi, fam hamsin. Na taya talatin, na gyara tsayuwa ina jiran ta ce albarka mu fara ciniki. Sai kawai ta ce to, har ta ƙara mini da ƙwarƙwaron naɗe igiya. Raina ya ɗan sosu. Cinikin da ba a ja ba, akwai magana a ƙasa.

Dattijo ya karɓe ta da hannu biyu. Ya haɗa kashin biyu, ya rufe ido ɗaya ya bi tsawonta da kallo, ya kaɗa ta a hankali. Sandar ta yi lilo gaba, ta yi lilo baya, ta ci gaba da lilo bayan shi ya daina. Ya juya gindinta yana neman wani abu. Na san abin da yake nema, don ni ma na nema a cikin bas. A garin Alnwick, arewa da mu kaɗan, nan William Hardy ya buɗe shago a 1872, ɗan'uwansa ya shigo daga baya, suka zama maƙeran sandar fatsa da duniya ta sani. Sandunansu na gora akwai lamba a gindi wadda ake gane shekarar ƙira da ita, kuma masu tara kayan tarihi na zuba kuɗi a kansu.

"Ba ta Alnwick ba ce, ɗana," in ji shi. "Ba lamba, sunan mai ƙirar ma ya goge. Amma wanda ya yi ta ya san aikinsa."

Daga nan ya buɗe mini karatu, ni kuwa ina gyaɗa kai irin na wanda ake tuna wa abin da ya sani. Gorar ba ta Ingila ba ce, daga kudancin Sin ake kawo ta, yankin kogin Sui. A tsaga ta, a fere kowane tsagi ya zama kusurwa uku mai sirancewa zuwa kai, a haɗa shida da gam su zama sanda guda. Aikin awa arba'in ne ko fiye, kuskuren da bai kai kaurin takarda ba ya isa ya ɓata shi. Amurkawa ne suka fara gwanancewa a kai, irin su Hiram Leonard na jihar Maine a shekarun 1870. A 1950 Amurka ta hana shigo da kayan Sin, gora ta yi wuya, ga shi an riga an fara sandar faiba tun 1947. Da kamfanin Fenwick ya fito da ta kabon a 1973, sai aka tattara gora aka kai ɗakin ajiya. Ta kabon a can kai kawai take lanƙwasa, ta dawo nan take, kafin ka ƙifta ido. Tawa kuwa tun daga kai take lanƙwasa har cikin mariƙi, kana jin motsinta ƙarƙashin yatsanka.

"Mai nawa ce," ya ce. "Ba a yi mata garaje."

Ya kuma ce kafin in haɗa ta, kullum in riƙa goga ƙarfen mahaɗin a gefen hancina, wai maiƙon fata na hana shi cijewa, haka mutanen da ke yi. Na ce to, Baba. A zuciyata na ce ƙarfen da ban san hancina nawa ya bi ba tun zamanin Sarki Joji, ba zai hau nawa ba.

Bai yarda mu fara da ruwa ba. Filin ciyawa na unguwa ya kai ni, ya ɗaura ɗan ulu ja a maimakon ƙugiya, ya koma kan benci. Na duba hagu na duba dama, na ja igiya na zubar, na ɗaga sandar da ƙarfin da Allah ya ba ni, na watsa baya, na dawo da ita gaba nan da nan.

Fau!

Tantabarun filin suka tashi gaba ɗaya. Wani kare ya fizge daga hannun uwargijiyarsa. Na duba ƙarshen zare, ulu ya yi nasa wuri. Dattijo ya yi bayani cikin natsuwa cewa igiya ba ta gama miƙewa a baya ba na fizgo ta, shi ya sa ƙarshenta ya yi ƙarar bulala, kuma da ƙuda ne na fam biyu, da yanzu yana wata unguwa. Na ce ai gwaji nake, ina so in ji ƙarfin sandar. Na sake. Wannan karon igiyar ta zo gaba ta ci karo da kanta, ta zubo mini a kafaɗa, zaren ya yi ƙulli-ƙulli. Na ƙara ƙarfi, abin ya ƙara lalacewa. Wannan shi ne halin sandar da ya fi ba ni haushi: duk abin da na sani a duniya, in ya ƙi, ƙarfi ake ƙara masa, ita kuwa in ka ƙara mata ƙarfi sai ta naɗe a tsakiya ta ƙi ba ka komai.

"Jira ta," in ji Dattijo daga benci. "Ka tsaya a sama, ka jira har ka ji ta ja ka."

Ya ce in riƙa ƙirga ɗaya, biyu. Na ƙirga, amma mai gaggawa ko ƙirga ya yi da gaggawa yake yi. Ina cikin wannan wahala, gumi na zuba duk da sanyi, sai abin ya faɗo mini. Wannan sandar ai tsohuwa ce, kuma ba a zuwa wa tsohuwa da buƙata kafin a gama gaisuwa. Na ɗaga ta zuwa saitin kunne, na tsaya, na ce a fili, "Ina kwana, Hajiya?" Na saurara. Wallahi sai na ji ta amsa: wani nauyi ya taso daga can baya, ya bi gorar, ya sauko tafin hannuna. Na tura gaba a hankali, ba ƙarfi. Igiyar ta wuce ta saman kaina, ta warware a iska, ta kwanta bisa ciyawa miƙe sak.

Daga nan na samu ma'auni. Jifan kusa, "ina kwana" ta isa. In igiya ta ƙara tsawo sai na ƙara da "ina gajiya". In ana son nesa sosai sai an kai ga "yaya iyali". Dattijo ya taso daga benci, ya tsaya kusa da ni yana saurare, ya tambaya ko wannan ne sirrin masuntan garinmu. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ya ce su ma suna da 'yar addu'ar da suke wa sarauniya a zuci kafin su ɗaga sanda in kifi ya kama, don kada su yi gaggawa. Ya ciro takarda ya rubuta tawa. Har yau akwai tsofaffin Turawa a bakin Coquet da ke gaida Hajiya kafin su yi jifa.

Zuwa kogin kansa sai da aljihu ya ji a jikinsa. Akwai lasisin hukumar kula da muhalli, wanda duk mai shekara 13 zuwa sama sai ya yanka, in an kama ka ba shi tara na iya kaiwa fam 2,500. Bayan shi akwai takardar izinin masu ruwan, don a Ingila kowane taƙi na kogi da mai shi. Dattijo ya ara mini wandon roba mai haɗe da takalmi wanda ya zo mini har ƙirji. Muka sauka sama da garin Rothbury, inda ruwan ke gudu garau bisa duwatsu, tumaki na kiwo a gangare. Abokansa sun zo, wai don su ga gwani.

Ganin taro ya sa na ce bari in yi musu mai nisa. Na zubar da igiya da yawa, na ɗaga, na shiga gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya muka ji da sanyi. Ashe gaisuwa ma in ta yi yawa tana da nata sharrin: igiyar da aka bari a baya fiye da kima ƙasa take yi. Na tura gaba, sanda ta ƙi zuwa. Na waiga. Ƙudana na can ya nutse a gashin gadon bayan wata tunkiya, ita kuwa ta ɗago kai tana tauna ciyawa tana kallona.

Da ta ji an ja ta, sai ta kama hanya. Ƙwarƙwaro ya fara ƙara, igiya na fita. A nan ne na ga alherin sanda mai taushi da idona, a lokacin da ba na bukatarsa. Ƙarshen zaren nan bai fi gashin wutsiyar doki kauri ba, kilo ɗaya da rabi ya isa ya tsinka shi. Da ta kabon ce mai tauri, fizga ɗaya zai yanke, kowa ya huta. Amma Hajiya duk fizgar da tunkiya ta yi sai ta lanƙwashe ta shanye, ta miƙe, ta sake lanƙwashewa. Zare ya ƙi tsinkewa. Tunkiya na hawa gangare, ni ina biye da ita cikin wandon roba, ƙafa a tale, sanda a sama ta yi baka. Dattijo na ihu daga baya: "Ka miƙa mata sandar! Ka miƙe ta sak zaren ya tsinke!" Ni kuwa a lokacin Turancina duk ya gudu. Sai da tunkiyar ta bi ta ƙarƙashin wayar shinge sannan aka rabu, ta tafi da ƙuda, na dawo da numfashi sama-sama. Wani cikin tsofaffin ya ce a shekarunsa bai taɓa ganin wanda ya riƙe abu mai nauyin haka da zare irin wannan ba. Na karɓi yabon, don da gaske yake.

Da rani ya shigo, rana ba ta faɗuwa sai wajen goma saura kwata, mutum ya yi la'asar ya yi yini guda kafin magariba. Da irin wannan yammacin ne Dattijo ya kai ni wani lungu inda itatuwa suka rufe gaɓa, rassansu har suna taɓa ruwa. Ƙwari na ƙyanƙyashewa suna tashi, kifi na tasowa daga ƙasa yana tsince su, kowane tasowa ya bar zobe bisa ruwa. Babu wurin watsa igiya baya. Ya nuna mini wata dabara: ka ja igiyar a hankali bisa ruwa har ta yi ciki a gefenka, ka buga gaba, ta mirgina ta warware da kanta ba tare da ta je baya ba. Da sanda mai tauri sai an koya. Da Hajiya kuwa abin kamar don shi aka yi ta, saboda nauyinta da lanƙwasarta su ke yin aikin, kai rakiya kawai kake.

Akwai wani kifi da ke tasowa kusa da wata saiwa, taku goma daga inda nake. Na mirgina igiya. Ta warware, zaren ya biyo, ƙudan ya tsaya a iska ɗan lokaci sannan ya sauka bisa ruwa, ko alamar motsi bai yi ba. Wannan saukar ita ce abin da masu gora ke taƙama da shi, kuma ba su yi ƙarya ba. Ƙudan ya taho da ruwa, fukafukansa a tsaye, ya zo saitin saiwar. Wani baki ya ɓullo, ya rufe a kansa. Don firgita na fizga da ƙarfin da ya isa ya cire kan kifin, amma kafin fizgar ta bi gorar ta kai ƙarshe ta riga ta zama ɗagawa mai ladabi. Ƙugiya ta zauna.

Abin da ya biyo baya ban san yadda zan kwatanta shi ga wanda ya saba da taru ba. Kifin bai fi taƙi guda da 'yan yatsu ba, amma duk girgiza kan da ya yi ina jin ta a tafin hannuna, duk juyawa, duk bugun wutsiya. Sanda ta lanƙwashe har mariƙi. Na ji ni wani ne. Da ya gaji na jawo shi, Dattijo ya tare da 'yar koma. Cikinsa ruwan ɗorawa, ɗigon jan nan kowanne da farin zagaye. Ina lissafin yaji da man gyaɗa, sai na ga Dattijo ya jiƙa hannu, ya zare ƙugiyar, ya riƙe kifin cikin ruwa yana fuskantar igiyar ruwa har ya farfaɗo, ya buɗe hannu. Ya tafi.

A daren na kira Kawu, wanda shi masuncin gaske ne, na ba shi labari dalla-dalla. Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke.

"Mi kac ce? Ka biya gwamnati kuɗɗi, ka biya mai ruwa kuɗɗi, kak kama kihi, kam maishe shi ruwa?"

Na ce haka ake yi a nan, Kawu, don kada kifin ya ƙare.

"To mi kac ci?"

Na ce burodi.

"Ba uwakka wayar nan gobe, ina da magana da ita."

Da a ƙaramin kogi na tsaya, da har yau ina cikin masu cewa an cuci duniya da aka daina gora. A taku goma zuwa goma sha biyar, ƙarƙashin itatuwa, da ƙaramin ƙuda da siririn zare, ban ga abin da ya kama ƙafarta ba, kuma ko gobe zan faɗa. Amma Dattijo ya ce mu je Kielder, wani makeken tafkin dam kusa da iyakar Sikotilan, wanda aka buɗe a 1982, inda a lokacin ake zuba manyan kifaye. A can ne na gane dalilin da ya sa matar nan ba ta ce albarka ba.

Iska ake yi, irin wadda ba ta da abin da zai tare ta. Sanda mai nawa faffaɗan lanƙwaso take yi wa igiya a iska, ga shi tafiyarta a hankali, iska kuwa abin da take so ke nan. Samari na gefena da sandunan kabon suna harba igiya siririya tana tsaga iska tana faɗawa can inda kifi yake. Ni kuwa in gaida Hajiya har in kai ga tambayar mutanen gida da dabbobi, in tura, iska ta dawo mini da igiyar ta tara a gabana. Zobban sandar ƙanana ne, don igiyar siliki ta da aka yi su, igiyar roba ta yanzu ta fi kauri, tana tafiya tana cijewa. Ga nauyi. Tasu ba ta wuce giram 90 ba, tawa ta kusa 170, kuma duk nauyin can gaba yake. A baki ba wani abu ba ne, amma ka ɗaga shi daga hantsi zuwa la'asar ka ji abin da wuyan hannunka zai gaya maka. In iska ta ɗan lafa kuma sai wasu ƙananan ƙwari masu cizo su fito gayya guda, su shiga hanci su shiga kunne, har ka roƙi Allah iskar ta dawo.

Ta kuwa dawo, daga dama, daidai lokacin da igiya ke wucewa ta kaina. Na ji wani abu ya cije ni a fatar kunne. Na kai hannu, na ji gashin zakara. Dattijo ya riga ya gargaɗe ni in sa tabarau da hula mai baki, na sa tabarau, amma hula ta kube na sa, don mutum ba ya barin asalinsa. Allah ya taimaka ya matse ƙayar ƙugiyar da filaya tun a gida. Ya zare ta cikin sauƙi, ya duba ta, ya ce ƙudan bai lalace ba, sannan ya tambayi kunnen.

Ruwan sama ya sauko, muka ce a tashi. Na kama sandar zan raba ta, ta ƙi. Na ja, ta ƙi. Na fara murɗawa, Dattijo ya daka mini tsawa irin wadda bai taɓa yi ba, wai murɗa na ɓalle gam ɗin da ya riƙe tsagin shida. Ya tambaye ni ko ina goga ta a hanci. Na ce hancina ba ya maiƙo. Ya nuna mini yadda ake yi: ka durƙusa kaɗan, ka sa sandar bayan gwiwoyinka, ka riƙe hagu da dama, ka buɗa ƙafafu su tura hannuwanka. Na yi haka a tsakiyar wurin ajiye motoci, cikin ruwa, da wandon roba, kunne na jini, ina nishi. Wata mota ta rage gudu, aka sauke gilashi, aka tambayi Dattijo ko a kira motar asibiti.

Sandar ƙafa tara ce, motar Dattijo 'yar ƙarama. Haka muka yi tafiyar fiye da awa guda hannuna a waje ta taga, na manne ta da jikin mota, ruwa na shiga ta hannun riga yana fita ta gwiwar hannu.

A gida aka shiga wata sabuwa. Rufin ɗakinmu bai kai tsawonta ba, ba ta tsayuwa. Jingina ta a kusurwa kuma haramun ne, in ji Dattijo, don gora in ta daɗe a karkace haka za ta zauna har abada. Sai an shafe ta da tsumma, an bar ta ta sha iska, don in ruwa ya sami tsaga a man sheƙinta ya shiga, ta gama yawo. Saboda haka na shimfiɗe ta a ƙasa, tun daga ƙofar ɗaki har bakin kicin, na kafa dokar kada a taka. Uwargida ta yi ta tsallake ta da tire a hannu. Da ma ta daɗe tana jin ina gaida wata Hajiya a bayan gida.

"Malam," ta ce, "ni ban hana ka ƙara aure ba. Amma ka nema mata ɗakinta."

Na koma wurin Dattijo. Ya ce saura dabara ɗaya: a sa wa mahaɗin ƙanƙara, ƙarfe in ya ji sanyi yana tsukewa. Na dawo na buɗe firji, ba ƙanƙara ko ɗaya. Uwargida ta ture ni gefe, ta zaro kifi titus guda biyu daskararru da ta sayo a shagon 'yan Afirka, ta ɗora ɗaya ƙarƙashin mahaɗin, ɗaya a sama, ta ɗaure da tsumma, ta ce in ba ta wuri. Bayan ɗan lokaci ta kama gindi, na kama kai, ta ce bismillah, muka ja. Sai ji muka yi ɓus, na zauna daɓas a bakin kicin da rabin sanda a hannu.

Ta kwance tsumman, ta wanke kifin, ta barbaɗa gishiri da yaji, ta ɗora mai a wuta. Da dare na ɗauki guda a faranti na kai wa Dattijo. Ya ci, ya tsotse ƙaya, ya tambaye ni da wane ƙuda na kama shi.